Amana Ba Ta Zama Inda Babu Gobe

Da wuya a zauna majalisa a ƙasar nan, ko a ofis ko a gindin bishiya bayan la'asar, a tashi ba a yi kukan cewa amana ta yi ƙaura daga cikin mutane ba. Ɗan kasuwa na kukan wanda ya karɓi kaya bashi ya yi layar zana, manomi na kukan makiyayi, makiyayi na kukan manomi, talaka kuwa na kukan wanda ya zaɓa da hannunsa. Maganin da aka fi kawowa shi ne a ƙara wa'azi, a gyara zukata. Babu mai hankalin da zai raina wa'azi, amma ra'ayina shi ne mun daɗe muna ɗora wa zuciya laifin da rabinsa na tsarin zamanmu ne. Amana tana da sharuɗɗan da take rayuwa a cikinsu, kamar yadda gero yake da irin ƙasar da yake so, kuma mafi girman sharuɗɗan nan shi ne mutane biyu su san cewa za su sake haɗuwa gobe. Hujjar da zan kafa ta fito ne daga inda mai karatu ba zai zata ba, wato daga wata gasa da aka yi tsakanin manhajojin kwamfuta, waɗanda ba su da kunya, ba su da tausayi, ba su san lada ko zunubi ba, amma duk da haka haɗin kai ya tsiro a tsakaninsu.

Asalin maganar wani wasan lissafi ne da Merrill Flood da Melvin Dresher suka tsara a cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka a 1950, wanda daga baya masanin lissafi Albert Tucker ya yi masa rigar labarin fursunoni biyu da aka raba wa ɗaki, aka ce kowanne ya tona asirin ɗan'uwansa a sassauta masa. Idan aka cire labarin, ga ƙashin wasan: mutum biyu ne, kowanne zai zaɓi ko dai ya riƙe amana ko ya ci amana, ba tare da ya san abin da ɗayan ya zaɓa ba. In duka biyun suka riƙe, kowa ya sami maki 3. In duka suka ci amana, kowa ya tashi da maki 1. In kuwa ɗaya ya ci, ɗaya ya riƙe, to maci amana ya kwashe maki 5, mai gaskiya ya tashi a tutar babu. Duk wanda ya zauna ya yi lissafi zai ga cewa idan sau ɗaya tak za a yi wasan, cin amana ya fi riba ko da me abokin wasa ya yi: in ya riƙe, 5 ta fi 3, in ya ci, 1 ta fi sifiri. Sai kowa ya bi wannan wayo, su tashi da maki ɗaya-ɗaya, alhali da sun yarda da juna da sun sami uku-uku. Wayon kowa shi ne asarar kowa.

A ƙarshen shekarun 1970 wani malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Mishigan, Robert Axelrod, ya yi tambayar da ta sauya alƙiblar binciken: me zai faru idan za a yi ta maimaita wasan tsakanin mutum biyun nan? Sai ya gayyaci masana tattalin arziki da lissafi da halayyar ɗan Adam da siyasa, ya ce kowa ya rubuto dabararsa a matsayin manhajar kwamfuta. Dabaru 14 suka zo, ya ƙara musu wadda ke zaɓe da ka, ba tsari, ya haɗa kowace da kowace karo 200. Wasu dabarun dogaye ne masu cike da makirci, suna lallaɓa abokin wasa su ga ko zai cutu. Wadda ta lashe gasar, kamar yadda aka buga sakamakon a 1980, ita ce mafi gajarta duka, wadda Anatol Rapoport na Jami'ar Toronto a Kanada ya aiko. Bari mu kira ta Ramau, domin abin da aka yi mata shi take ramawa, alheri ko sharri. Dokarta biyu ce kawai: a karon farko ta riƙe amana, daga nan kuma duk abin da abokin wasa ya yi mata a karon da ya wuce shi za ta yi masa. Ta tashi da matsakaicin maki 504, a wasan da masu riƙe wa juna amana daga farko har ƙarshe ke samun 600.

Wani zai ce sa'a ce. To Axelrod ya bayyana wa duniya sakamakon, ya sake kiran gasa ta biyu, kowa ya san Ramau ce abin kayarwa. Dabaru 62 suka zo daga ƙasashe 6, Rapoport ya sake aiko da Ramau yadda take, ta sake lashewa. Da aka tsefe sakamakon sai aka ga abin da ya fi nasarar Ramau muhimmanci. A gasar farko, dabaru takwas da suka zo kan gaba duk masu hali ɗaya ne: ba sa fara cin amana. A gasa ta biyu, cikin 15 na sama guda ɗaya ce kawai mai fara cuta, cikin 15 na ƙasa kuwa guda ɗaya ce kawai ba ta farawa. Axelrod ya taƙaita halayen masu nasara zuwa huɗu: kada ka fara cuta, kada ka bari a cuce ka a banza, ka yafe da zarar an daina, kuma halinka ya kasance a fili yadda kowa zai gane ka cikin sauƙi. Abin mamaki kuma, Ramau ba ta taɓa cin abokiyar wasanta a karawa ɗaya ba, iyakarta a yi kunnen doki ko a ɗan fi ta. Ta yi nasara ne don duk wanda ya zauna da ita yakan ga cewa riƙe amana ya fi masa riba, sai su girbe tare. Wanda idonsa ke kan ya fi maƙwabcinsa, a wannan gasa, shi ne ya ƙare a ƙasa.

Daga nan sai Axelrod ya ɗauki matakin da ya mai da gasar ta zama nazarin yadda hali ke yaɗuwa a cikin al'umma. Ya sa kwamfuta ta maimaita gasar zuriya bayan zuriya, duk dabarar da ta tara maki da yawa sai 'ya'yanta su ƙaru a zuriya ta gaba, wadda ta gaza kuma su ragu. Da fari mayaudara sun yi ƙiba, domin akwai sakarkarun dabaru da suke ci. Akwai wata mai suna Harrington, ita ce mai fara cutar nan guda da ta shiga cikin 15 na sama, wadda ta yi ta bunƙasa har sai da ta cinye abincinta. Da sakarkarun suka ƙare, ta rasa wanda za ta cuta, sai ta bi bayansu, kafin zuriya ta dubu ta shuɗe, Ramau kuwa tana kan gaba. A 1981 Axelrod da masanin halittu William Hamilton suka buga wannan tunani a mujallar Science, a 1984 kuma littafinsa kan yadda haɗin kai ke tsirowa ya fito. Lissafinsa ya nuna cewa ko a cikin al'ummar da kowa maci amana ne, 'yan tsirarun masu halin Ramau za su iya kafuwa su yaɗu, matuƙar suna samun haɗuwa da junansu, ko da kashi 5 cikin 100 ne na mu'amalarsu, idan damar sake haɗuwa tana da ƙarfi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne zuciyar maganar. Ramau ba ta da wani asiri. Ƙarfinta duka ya rataya ne a kan gobe. Da makin da muka ambata, lissafi ya nuna cewa sai damar sake haɗuwa ta kai biyu bisa uku ne cin amanar Ramau ke zama asara. In ta gaza haka, mayaudari ya ci riba ya wuce abinsa. Haka kuma idan kowa ya san ranar da wasan zai ƙare, sai a ci amana a karon ƙarshe tunda babu ramuwa, wanda ya hango haka ya riga abokinsa a na kusa da ƙarshe, har ɓarnar ta warware zuwa farko. Axelrod ya kawo misali daga Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, inda ya dogara da binciken Tony Ashworth. Sojojin Birtaniya da Faransa a gefe guda, na Jamus a ɗaya gefen, sun yi wata da watanni a ramuka suna fuskantar juna, runduna ɗaya gaban runduna ɗaya. A wurare da dama sai suka shiga sassauta wa juna ba tare da wata yarjejeniya ba: ba a harbin masu kawo abinci, ana harba igwa a lokacin da kowa ya sani, a wurin da kowa ya sani. Maƙiya ne, ba ƙauna a tsakaninsu, amma kowa ya san wanda ya harba yau shi zai sha gobe. Abin da ya rusa wannan zama shi ne umarnin manyan hafsoshi na kai farmakin dare, wanda ba a iya yin sa da wasa.

Sai dai Ramau tana da rauni babba, kuma a nan ne nake roƙon mai karatu ya ƙara natsuwa, domin darasin da ya fi shafar mu ke nan. A gasar Axelrod babu kuskure, abin da manhaja ta yi niyya shi take aikatawa, abokiyarta kuma ta gan shi daidai. Duniya ba haka take ba, tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Da masana suka sa ɗan kuskure a cikin wasan, yadda jefi-jefi mai niyyar alheri zai aikata cuta ba da saninsa ba, sai aka ga Ramau biyu sun faɗa rami: wannan ta yi kuskure, waccan ta rama, wannan ta rama ramuwar, haka za su yi ta yi har sai wani kuskuren ya raba su ko ya ƙara dulmuya su. A tsawon lokaci matsakaicin makinsu yakan faɗo daga 3 zuwa 2 da kwata, daidai da abin da masu zaɓe da ka suke samu a tsakaninsu. Martin Nowak da Karl Sigmund, masana biyu 'yan Ostiriya, sun nuna a 1992 cewa a irin wannan yanayi wadda ke gaje filin ita ce Ramau mai sassauci, wadda ke kau da kai ga kusan cuta ɗaya cikin uku. A 1993 suka sake nuna ƙarfin wata dabarar mai sauƙi, wadda ke ci gaba da abin da take yi in ya yi mata daɗi, ta sauya in bai yi ba, wadda ke iya gyara kuskure cikin karo biyu. Amma nazarin nasu ya zo da gargaɗi: idan sassauci ya yi yawa har al'umma ta cika da masu yafe komai, ƙofa ta buɗe wa mayaudara, su dawo su cinye gari, a koma gidan jiya. Hukunci ba yafiya halaka ne, yafiya ba hukunci ma halaka ce. Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba, domin shari'a ta ba da haƙƙin ƙisasi daidai da laifi, ta hana ƙetare iyaka, sannan ta kwaɗaitar da afuwa.

Akwai masu cewa, kuma maganarsu tana da nauyi, mutane ba manhajoji ba ne, rayuwa kuma ba ta zo da maki 5 da 3 a rubuce ba. Gaskiya ne, kuma binciken kansa ya nuna iyakokinsa. A gasar da aka shirya a 2004 don cika shekara 20 da fitowar littafin Axelrod, wata tawaga daga Jami'ar Southampton a Ingila ta shigar da manhajoji 60 da ke gane junansu ta wasu alamu a farkon wasa. Da zarar sun gane juna sai wasu su miƙa wuya a yi ta cin su don iyayen gidansu su tara maki, in kuwa suka haɗu da bare su yi ta cutarsa. Iyayen gidan suka hau saman jadawali, bayin suka cika ƙasansa. Wanda ya san siyasar ubangida da 'yan kore ba ya bukatar a fassara masa wannan. A 2012 kuma William Press da Freeman Dyson suka gano wasu dabarun ƙwace da ke iya tilasta wa abokin wasa ya karɓi ƙaramin kaso ko ya rasa duka, ko da yake nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa a cikin al'umma mai yawa irin waɗannan ba sa ɗorewa, domin idan suka yaɗu sai su riƙa haɗuwa da junansu, kura ta ci kura. Sannan kada mu manta haɗin kai ba kullum ne alheri ba: ɓarayin gwamnati ma suna riƙe wa juna amana, kuma dalilinsu ɗaya ne, sun san akwai gobe a tsakaninsu. Duk waɗannan ba su rushe darasin ba. Sun dai tunatar da mu cewa taswira ba ita ce hanya ba, amma matafiyin da ya yar da ita don ba ta nuna kowace kwata ba, shi ya so.

Kakanninmu ba su ga kwamfuta ba, amma sun gina kasuwancinsu a kan wannan ƙa'ida. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma buga littafinsa a 1969, ya bayyana yadda fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya gudana bisa bashi, ba takarda, ba kotu. Mai shanu ya sauka wurin maigida, dillalan maigida su sayar wa mahauta bashi, maigida ya tsaya lamuni. Maigida ba zai ci amanar baƙonsa ba, domin labari zai riga shi isa Arewa, baƙi su ƙaurace wa gidansa. Mahaucin da ya ƙi biya kuwa ba zai sake samun sa bashi ba har sai ya biya, in ya biya a ci gaba da hulɗa. Ga gobe, ga shaida, ga hukunci daidai kima, ga ƙofar dawowa. Abin da Nowak da Sigmund suka nuna da lissafi a 1998, cewa sunan mutum a bakin jama'a na iya ɗaukar nauyin haɗin kai ko tsakanin waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba, Sabo ta riga ta aikata shi.

Da wannan ma'auni nake so mu sake duban rikicin manoma da makiyaya. A da makiyayi yakan sauka gonar da ya sani bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, matan ruga su kawo nono su koma da hatsi, in an yi ɓarna ardo da mai gari su zauna su yanke diyya. Kowa ya san baɗi za a sake haɗuwa. Yau takin zamani ya rage bukatar kashin shanu, manomi na da nasa dabbobin ko ya sayar da karan, noman rani ya shiga fadamun da ake shayarwa, gonaki sun cinye burtali da yawa daga makiyayun da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta tanada. Garken da ya ratso yau wataƙila ba za a sake ganinsa ba, don haka gobe ta gajarce. Mafi muni kuma, an daina gane mai laifi. Wani ya yi ɓarna, a rama a kan duk mai kama da shi a kasuwa, 'yan'uwan wanda aka kashe su rama a kan ƙauyen da bai ji ba bai gani ba. Wannan shi ne ramin da Ramau biyu ke faɗawa, sai dai namu ya fi zurfi, domin Ramau ɗaya take ramawa da ɗaya, mu kuwa mun riƙe cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Sulhun da gwamnatocin Zamfara da Katsina suka ƙulla da 'yan bindiga a 2019 bai ɗore ba, kuma a ganina ya faɗa ɗaya ramin ne: an yi afuwa ba tare da hukuncin da ke jiran wanda ya warware ba, ga ƙungiyoyi barkatai da ba a iya tantance wace ce ta karya alkawari.

Saboda haka abin da nake kira gare shi, musamman ga 'yan boko da ke rubuta manufofin gwamnati da masu riƙe da sarauta, shi ne duk tsarin da za a kawo a auna shi da tambayoyi uku. Shin yana sa mutanen nan su sake haɗuwa, su bukaci juna? Shin yana sa a gane ainihin wanda ya yi laifi da sunansa, a bar danginsa da ƙabilarsa? Shin hukuncinsa mai sauri ne, daidai da laifi, kuma yana da ƙarshe? Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta gano cewa al'ummomin da suka daɗe suna raba makiyaya da ruwa da daji ba tare da sun halaka su ba, suna da masu sa ido daga cikinsu, da hukunci mai hawa-hawa wanda ke farawa da ƙarami, da wurin sasanci mai arha kusa da gida. A wurinmu wannan na nufin a shata burtali a kare shi, makiyayi ya sami mazaunin da aka san shi da shi, a rayar da zaman ardo da mai gari da ikon yanke diyya cikin kwanaki, kotu kuma ta tsaya a bayansu. Haka a kasuwa, haka a wurin aiki: kwangilar da aka kasa kashi-kashi, ana biya bayan an ga aiki, ta fi wadda aka danƙa kuɗinta gaba ɗaya, domin ta mai da karo ɗaya ya zama karo goma.

Manhajojin Axelrod ba su da imani, amma da aka ba su gobe sun koyi riƙon amana. Mu da Allah Ya ba hankali da addini, muka kuma yi imani da wata goben da ta fi wannan tsawo, ba mu da uzurin barin tsarin da ke saka wa maci amana ya bar mai gaskiya da hamma. Malamai su ci gaba da gyaran zukata, masu mulki kuma su gyara filin da zukatan ke mu'amala a cikinsa, yadda wanda ya riƙe amana ba zai wayi gari ya ga shi ne wawan gari ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa mu gane.